Dutsen Niƙan Kaka a Ɗakin Tarihi

Wani tsohon malamin firamare a garinmu, can ƙasar Ƙanƙara, da ya ajiye aiki sai zaman gida ya ishe shi. Ya share wani shago a ƙofar gidansa, ya shiga bin gida-gida yana tara kayan maharban da suka fara sare dajin nan suka kafa gari: kwari da baka, burgami, galma, akushin da gara ta ci gefensa. Ya sa wa wurin suna ɗakin tarihi.

Kawuna mutum ne mai son a san da shi. Ya dubi gidanmu bai ga abin kaiwa ba sai dutsen niƙan kakata, wanda kakar mijinta ta ɗauko a ka lokacin da suka zo sassabe. Ya jira Kaka ta tafi bikin suna a 'Yargoje, ya ɗora dutsen a baro ya kai wa Malam. Da ta dawo ta ga gurbinsa, kawu ya tuna yana da aiki a gona, bai sake cin tuwo a gida ba sai da ƙura ta lafa.

Ni aka tasa gaba. Tsakanina da ita wasan jika da kaka ne, mijinta take ce mini, don haka ni na goya ta a babur. Duk hanya tana mita, wai yajin inji ƙarfe yake yi mata a baki, ita ba za ta ƙarasa rayuwarta da miyar da ba ta san hannunta ba.

Malam ya tarbe mu da fara'a, yana zaton baƙi ya samu. Ya fara bayanin yadda mutanen farko suka sauka gindin wata tsamiya. Kaka ba ta ko kalli kwari da bakan ba. Ta wuce kai tsaye kusurwar da dutsenta yake, an wanke shi tas, an kewaye shi da igiya.

"Malam, wanga dutsi nawa ne. Mijina, kama mu tahi."

Na sunkuya kamar zan ɗauka, don dai in ga idon Malam. Ai kuwa ya yi tsalle ya tare.

"Haba Hajiya! Wanga ai ya zama na gari. Tsohon abu ne, shi ya sa muka aje shi nan."

"To ni sabuwa ce? In tsoffin kaya kake tarawa, ga ni. Shimfiɗa mani tabarma kusa da shi."

Dariya ta ƙwace mini har na dafa bango. Malam ya yi lallashi, ya kawo hujja, Kaka ta zauna dirshan ta miƙe ƙafa. Daga ƙarshe aka yi sulhu: dutse zai zauna, amma duk ranar da yajinta ya ƙare, za a kwance igiya.

Haka aka yi. Sai ta ƙullo barkono da citta a gefen zane, ta durƙusa a ɗakin tarihi ta yi ta niƙa. Wata rana tana cikin niƙa aka kawo 'yan makaranta, Malam na tsaka da labarin maharba sai ajin duka ya kaure da atishawa, har da shi. Yaran suka watsar da shi suka zagaye Kaka, ita kuwa ta ba su labarin matar da ta ɗauko dutsen a ka da goyo a baya. Malam ya yi fushi a ranar, amma daga baya shi da kansa yake aikowa a tambaya ko yaji bai ƙare ba.

Bara Allah ya yi mata rasuwa. Bayan an share makoki na koma ɗakin ni kaɗai, ina kewarta ƙwarai. An mayar da igiyar, amma Malam ya ce bai bari kowa ya wanke dutsen ba. Na sunkuya na shinshina, atishawa ta kama ni, idanuna suka cika.

"Yajin ne," na ce.

"Ni ma haka yake yi mani," in ji Malam, yana goge nasa idon.