Mai Katifa Ya Gwada Jarrabawar Auta

Mai Katifa mutum ne da bai yarda da komai ba sai ya gwada da kansa. Shekara da shekaru yana ɗinka katifa a shagonsa na bakin titi, kuma ba a taɓa fitar da ko ɗaya ba sai ya kwanta a kanta, ya juya dama ya juya hagu, wani lokacin har da minshari, mai saye na tsaye yana jira. Ko takalmi matarsa za ta saya, sai ya cusa ƙatuwar ƙafarsa tukuna. Allah ya yi shi da taurin kai, ga son 'ya'ya kamar ya haɗiye su.

Sai ga Auta, wadda ita kaɗai ta rage masa a gida, ta gama sakandare. Jami'ar da take so tana wani gari mai nisa, kuma tana karɓar ɗaya daga cikin jarrabawa biyu. Ta farko dogon karatu ce da tambayoyi masu sa tunani. Ta biyu gajerun tambayoyi ne rututu, har da kimiyya, ana tsere da agogo. Ɗaya za ta zaɓa, ranar rufe rajista kuma ta matso. In ta wuce, sai baɗi.

Mai Katifa ya ce atafau 'yarsa ba za ta shiga jarrabawar da bai gwada ba. Aka kawo tsofaffin tambayoyi, ya hau kan tarin soso ya harɗe, tef ɗin awo a wuya, Auta na riƙe da agogon bango.

Ta farko ta buɗe da bayani kan ƙaurar tsuntsaye. Kafin tsuntsayen su isa inda za su, barci ya yi gaba da shi. Da ya farka ya goge baki, ya yanke hukunci cewa wannan ta cika laushi, za ta lalata yarinya. Ta biyu kuwa ya gama ta kafin agogo ya yi nisa, domin ya jera amsoshinsa a layi ɗaya daga sama har ƙasa, wai shi ba ya karkataccen ɗinki. Ya ce wannan kuma ta cika tauri, har bayansa ya ƙage.

Auta ta tambaya to wacce ke nan. Ya ce gwaji ɗaya ba ya isa. Washegari ya sake, wai jiya da yunwa ya yi. Bayan nan ya auna kaurin takardun da tef, ya danna su da babban yatsa, ya zaunar da wani direba da ya zo sayen matashi ya amsa shafi biyu. Matarsa ta yi masa tas, ta ce ko katifar amarya bai taɓa gwadawa haka ba. Ya yi kunnen ƙashi. Gaskiyar magana, duk sanda ya tuna gidan ba Auta, sai ya ji wani sabon gwaji ya zama dole.

Ranar rufe rajista, Auta ta same shi a shago, ta yi shirin fita. Ta faɗa masa cikin ladabi cewa ita ma ta gwada su duka a ɗaki, ta biyun ce ta fi yi mata.

Ya buɗe baki zai kawo maganar tauri, ta riga shi.

"Baba, ko wacce na zaɓa, garin nan guda ne. Tafiyar ce dai."

Ya daɗe yana tsintar zare a jikin rigarsa. Sannan ya sauko daga kan soson, ya laluba takalminsa zai raka ta. Sai da suka kai bakin titi ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Auta, kin tabbata babu ta uku?"