Baffan da Aka Ɗaure Saboda Waya

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Maraɗi, ni da wani abokin kasuwancina mai jin Faransanci. Aiken Baba ne ya fitar da ni. Wata uku ke nan yana kwance, magana ɗaya yake maimaitawa: a je Wagadugu a nemo ƙanensa, a roƙa masa gafara tun yana da rai.

Baffan nan namu mai gyaran rediyo ne, ba ya fashin silima. Tun kafin a haife ni yake cika littafi da abubuwan da ya ce suna tafe: tarho marar igiya a aljihu, kana magana kana ganin fuskar mutum, kuɗi su bar gari zuwa gari ba ɗan aike. Gida aka ce iska ce ta taɓa shi. Baba da hannunsa ya riƙe shi aka ɗaure, kwana bakwai ana masa hayaƙi, aka ƙona littafin. Ana kwance shi ya bi motar goro, bai sake takowa ba. Ni kuwa, don Allah ku ji, sana'ata sayar da waya.

Hanya ta ba mu kashi. Mun kwana a Yamai, daga nan sai sauka da hawa, kowane shinge a fito da takardu a tsaya cikin rana. A garin Fada na ci benga, wake da shinkafa ne da mai, na ɗari uku, ya riƙe ni har magariba. Wagadugu kuwa garin babura ne. Na ga tsohuwa sa'ar kakata a kan moto, buhun albasa a baya, tana danna mana oda. Na ce to, Hajiya, hanya taki ce.

A abin da ya rage na tsohon Zango, unguwar Hausawa, muka fara tambaya. Matasan wurin su faro magana da Hausa, su bi ta Faransanci, su ƙare da Mosanci, kaina har ya yi zafi. Amma ina faɗin mai gyaran rediyo ɗan Maraɗi, wani mai sayar da atamfa ya miƙe tsaye. “Farfesa kake nema? Ai da ka faɗa tun ɗazu!”

Farfesa! Mutumin da a gidanmu ake rage murya in za a ambace shi, shi ne na tarar a rumfa, furfura fes, ɗaliban jami'a uku zaune a benci suna rubuta abin da yake faɗa. Ya dube ni sau ɗaya ya ce, “Goshin Yaya ne wannan. Zauna, ɗana.”

Aka kawo zom-kom, ruwan gero mai sanyi da citta. Na tambaye shi yadda ya san abin da ya sani, ko duba yake yi. Ya ce ba duba ba ne. Fim yana nuna abin da mutane ke kwaɗayi, mujallun kimiyya suna nuna abin da zai yiwu, inda biyun suka haɗu shi yake rubutawa. Ya ce yana kuskure ma, don ya taɓa rantsuwa cewa war haka motoci na tashi sama.

Sai ya jawo sabon littafi ya fara karanta mini. Gona a cikin bene, ba ƙasa. Ƙoda da inji zai ƙera a dasa wa mutum. Ina ta gyaɗa kai. Da ya zo kan nama da za a shuka a tukunya ba tare da an yanka dabba ba, dariya ta ƙwace mini. Na ce, “Haba Baffa, to a kan me za a yi bismillah? Anya ba za a nemi malami ya duba ka ba?”

Innalillahi, ni da aka aiko neman gafara! Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ya rufe littafin a hankali. “Ka ce wa Yaya na yafe masa tun tuni. Shi lokacin bai ga komai ba, tsoro ne ya kama shi. Kai fa, ɗana? Kai da kake cin abinci da abin da aka ɗaure ni a kai?”

Na roƙe shi ya biyo mu gida, ya ce ƙafarsa ta yi nauyi. Har tasha ya raka mu, ya saya mana gasasshiyar kaza, amma bai ƙara buɗe littafin a gabana ba.

Mun iso Maraɗi ranar Alhamis da la'asar. Na durƙusa na isar da saƙo, Baba ya yi kuka, ya yi hamdala, ranar har ya sha fura. Abin da na koyo a tafiyar nan bai yi mini daɗi ba: na girma ina ganin laifin tsofaffinmu, ashe da ina nan ranar, da ni zan miƙo igiyar. Baba ya samu tasa gafarar. Tawa ko roƙa ban yi ba, kuma dole sai na koma Wagadugu in roƙa.