Waƙar Furfura a Bikin Hajara

Ban taɓa mantawa da ranar bikin Hajara ba, kuma tunda kun fara taɓa organ gara ku ji labarin daga bakina kafin Usta Adamu ya ba ku nasa, wanda ya sha kwaskwarima. Wata Juma'a ce bayan Babbar Sallah, shekara guda kafin yaƙi ya watsa mu, a wata unguwar Hausawa da ke Omdurman.

Bari in fara da tsarin aikin saboda wanda bai sani ba. Usta shi ne mawaƙi, shi ne kuma shugaban ƙungiya. Ƙarƙashinsa akwai mai organ, wato ni, sai mai ganga da 'yan amshi. Idan aka kafa siwan, rumfar nan da ake tare titi da ita, mu ne a gaba. Duk wanda waƙa ta ratsa sai ya taso ya ɗaga hannu bisa kan mawaƙi yana kaɗa yatsu yana cewa "abshir", wato albishirinka, a nan ne kuma yake raɗa masa waƙar da yake so. Dangin ango ba a ce musu a'a. Usta ba ya faɗa min sunan waƙa, alama yake yi min da hannu, ni kuma in buga share fage. Mai organ ba ya gardama da alama, wanda ya yi kuwa gobe wani ne a kujerarsa.

A lokacin muna da waƙoƙi biyu da suke tashe, Larabci da Hausa a cakuɗe kamar yadda muke magana. Ɗaya muna ce mata ta Furfura. Yabon dattijo ce da ya auri yarinya: wai shi inuwa ne, ya san duniya, furfurarsa ado ce. A tsakiyarta akwai gurbin da ake saka sunan ango, alamarta kuwa Usta ya shafa gemu. Ɗayar ita ce ta Hajja, ba'a ce zalla ga babbar mace da ta ƙyalla ido a kan saurayi: tana rina gashi, tana ɓoye shekaru, shi kuma yana ce mata Inna a gaban mutane. Alamarta ya shafa gefen kai. Sau da yawa a biki ɗaya ake yin su, waccan a yi guɗa, wannan a sheƙe da dariya.

Ranar tun a mota jikina bai ba ni ba. Mun maƙale a kan gada, ga zafi, mun iso kuma babu wuta, janareto sai tari yake yi. Muna haɗa wayoyi mai ganga ya matso ya ce, "Ya zol, mutumina, ka san amaryar ta girmi ango?" Hajara ma'aikaciyar jinya ce a asibitin Soba, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu. Angon, Isiyaku, mai walda ne a unguwar Alshajara, ta ba shi kusan shekara goma. Danginsa sun zo bikin, amma kana ganin fuskokinsu ka san janyo su aka yi.

Na sami Usta yana gyara rawani na ce, "Usta, yau a bar ta Hajja a aljihu."

Ya ce, "Haruna, ni za ka koya wa aiki? Kai dai kula da yatsunka."

Bayan la'asar aka zaunar da ango da amarya, ita cikin jan tob, lulluɓin nan na matan Sudan, hannu ya sha lalle. Waƙoƙin farko suka wuce lafiya, amma ni idona na ɓangaren dangin ango. Can sai ga Hajja Asabe, gwaggon ango, ta taso tana kaɗa yatsu, ta sunkuya ta yi wa Usta raɗa. Sannan ya juyo gare ni ya shafa gefen kansa.

Na buga share fagen, domin hannu ya riga ya saba. A ƙa'ida sau ɗaya ake yin sa mawaƙi ya shiga, amma da na zo ƙarshe sai na koma farko, ban bar masa ƙofar shiga ba. Na sake, na kuma sakewa. Ba dabara nake da ita ba, wallahi, na kasa tsayawa ne kuma na kasa wucewa. Ga shi kowa ya riga ya gane waƙar. 'Yan matan dangin ango sun fara ƙus-ƙus suna toshe baki, mahaifiyar amarya ta ja tob ta rufe fuska. Usta yana harara ta kamar zai cinye ni, gumina yana ɗiga a kan maɓallai.

Sai Hajara ta miƙe. Na ce shi ke nan, ficewa za ta yi, mun kashe bikin baiwar Allah. Ashe wurinmu ta nufo. Ta ɗaga hannu bisa kan Usta ta kaɗa yatsu, ba ta kuma yi raɗa ba, ga makirufo a kusa da bakinta.

"Usta, ma'alesh, yi haƙuri. Wannan da kake shirin yi na san ta, kullum ina jin ta a raksha, keken hayar nan. Kana da irinta da ake yi wa tsoho ba'a?"

Ya ce, "Wallahi babu, 'yar'uwa."

"To, ta yabon babbar mace fa?"

"Ita ma babu."

Ta ce, "Khalas, shi ke nan. Yau bikina ne. Yi min ta Furfura, ka sa sunana."

Ba mu da doka a kan buƙatar amarya, domin amare ba sa buƙatar komai a siwan, zama kawai suke yi. Usta ya dubi Hajja Asabe, ya dubi ango. Ni kuwa har lokacin ina ta zagaye a share fage kamar jakin niƙa. Isiyaku ya tashi ya zo ya tsaya kusa da matarsa, ya ɗaga nasa hannun. Ya ce, "Usta, ai ka ji abin da ta ce." Usta ya shafa gemu, ni kuma ban taɓa sauya kiɗa da sauri irin na ranar ba.

Ya rera ta tun daga farko, ya saka Hajara a gurbin da muka saba saka alhazai. Inuwa ce, ta san duniya, furfurarta ado. Sai abokan aikinta na Soba suka rangaɗa guɗa suka cika fili. Hajja Asabe ta gyara mayafi ta fice, wasu suka bi ta. Hajara ba ta yi rawa ba, tsayawa ta yi hannunta a sama har aka gama, hawaye na zuba ba ta share ba.

A mota Usta ya ce min, "Ka sake ja min share fage haka, ka nemi wata ƙungiyar." Da gaske yake. Kuma ba zan yi muku ƙarya ba, bai daina ta Hajja ba, ya ce jama'a ke so.

Abin da na koya shi ne, mu masu kiɗa mun ɗauka waƙa iska ce, a yi ta a wuce, alhali kowace waƙa akwai wanda ke zaune a ƙarƙashinta. Kafin ku haɗa waya, ku tambayi wa ke aure, wa kuma ake aura.

Bayan 'yan watanni wata mata ta kira ni, murya ƙasa-ƙasa kamar mai neman maganin ɓoye. Ta ce, "Ku ne masu waƙar Hajara? Na girmi wanda zan aura da shekara bakwai." Ba ita ce ta ƙarshe ba. Har yau idan irinsu suka kira, ba mu da waƙar da aka yi dominsu, ta tsoho muke aro musu.