Reshen da Na Ƙi Yankewa

Shekarar da aka tura ni koyarwa Lambara, an ba ni gida mai bishiyar mangwaro a bayansa. 'Ya'yanta ƙanana ne, ga tsami ga zare, in ka sha ɗaya sai ka wuni kana sakace.

Amma akwai wani dattijo, manomin albasa, da kullum bayan la'asar yakan yi sallama ya zagaya baya, ya tsince ƙwallayen da aka yar ya zuba a buhu. Abin ya tsaya mini a rai. Na san yadda rigimar fili take farawa: yau mutum ya tsinci 'ya'yan itace, gobe ya ce kakansa ne ya shuka, jibi kuna gaban hakimi. Sai na koma zama a ƙofa ina lura da shi.

Ran nan na kasa haƙuri, na ce, "Baba, me kake yi da ƙwallayen nan?"

Ya ce, "Malam, wanga icce ka raina? Shekarar da rijiyoyi sunka ƙahe, shi kaɗai yat tsaya da ganyenai. Saiwatai nika so. In ƙwallon ya tsiro ya yi kauri, sai in yi mai aure da reshen mai daɗi."

Ban gamsu ba, na bi shi har lambunsa. Yana tsinkar ganye yana murzawa yana shinshinawa, yana faɗin sunan kowane irin mangwaro: wannan bakin aku, wannan paparanda, wancan Binta siga. Ni kuwa duk ganye ɗaya nake gani, na ɗauka burga ce irin ta masu talla. Da zan tafi ya miƙo mini dashe ɗaya a leda, da ɗauri a inda ya haɗa masa reshe, kyauta, abin da ya ƙara mini zargi ke nan.

"Binta siga ta. Duk reshen da yaf fito ƙasa ga ɗaurin ga, yanke shi, komi kyawonai."

Na ɗauko shi a babur zuwa gidanmu na Bodinga, na dasa kusa da inda ake wanke-wanke. Da damina ta sauka, sai ga reshe ya ɓullo daga ƙasan ɗaurin, kore shar, yana ta miƙewa. Na saman kuwa siriri ne kamar mai jinya.

Inna ta ce, "Ba cewa ya yi ka yanke ba?"

Na ce, "Inna, wa yake yanke mai lafiya ya bar maras lafiya?" A raina na riga na yanke hukunci cewa dattijon ba ya son kowa ya mallaki bishiya mai kyau sai shi. Kafin rani na gaba, na saman ya bushe.

Bayan shekara huɗu bishiyar ta yi 'ya'ya, ƙanana, masu tsami da zare. Na zuba uku a aljihu na kama hanyar Lambara, ina shirya maganganun da zan faɗa masa. Bai ko ɗanɗana ba. Ya juya ɗaya a tafin hannunsa ya ce, "Reshen ƙasa, ka yanke shi?"

Na ce, "A'a."

Bai yi mini dariya ba. Ya yanko rassa uku ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ya hau bayan babur ɗina har Bodinga. Ya sare bishiyar daidai ƙirjina, ya tsaga, ya cusa rassan ya ɗaure da leda. Inna ta aiko masa da fura.

Biyu suka kama, bara suka yi 'ya'ya masu zaƙi, babu zare. Wani maƙwabcinmu ma'aikacin asibiti ya sha ya ce wannan ba Binta siga ba ce, wani iri ne daban. Na yi kwana biyu ina juya maganar, amma ban koma Lambara na tambaya ba.