Zuwan Inna Finland Domin Wankan Jegona

A shekararmu ta uku a Finland na haifi ɗana na fari. A gidanmu da ke Liman Abaji, cikin garin Keffi, mace ba ta haihuwar fari a ɗakinta. Da zarar ciki ya tsufa sai a mayar da ita gaban uwarta, ta haihu a can, ta yi wankanta, sai bayan arba'in ta koma gidan miji. Ni kuwa a lokacin ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi, maigidana yana gyaran injuna a masana'antar katako, likita kuma ta ce kada in kuskura in yi doguwar tafiya. Da na faɗa wa Inna a waya, ba ta yi dogon tunani ba.

"To ni zan zo," ta ce.

"Inna, da nisa fa. Ga kuma sanyi irin wanda ba ki taɓa ji ba."

"Kakata da ƙafa ta shigo Keffi, da goyo a bayanta, tana bin shanun mijinta, a zamanin da Turawa suka fara zuwa. Ni da za a zaunar a kujera a riƙa miƙo mini abinci?"

Takardun tafiyarta sun ja lokaci, sai ana gobe suna ta iso. Maigidana ne ya ɗauko ta daga filin jirgi. Na tarbe ta a bakin ƙofa da jariri a hannu, ta shigo da rigar sanyi biyu a kan atamfa, hancinta ya yi ja. Ba ta ko dube ni ba, ta karɓi yaron ta ce, "Wannan ne angon nawa? Ka ja ni har ƙarshen duniya." Sai da ta gama jujjuya shi sannan ta ce mini, "Sannu. Kin rame." A cikin jakarta akwai gero, daddawa, kuka, kanwa, yajin jego, turaren wuta da ɗan kasko. Kilishin ne kaɗai aka karɓe mata a hanya, kuma har ta koma ba ta daina maganarsa ba.

Gidanmu ɗaki ɗaya ne da falo, sai kicin da banɗaki, a hawa na uku. A Keffi, suruki da surukarsa kan yi wata guda ba su haɗa ido ba, gaisuwa ma daga bakin zaure ake yin ta. A nan kuwa ko ruwa mutum zai sha sai ya wuce ta gaban ɗaya. Maigidana ya bar mana ɗakin ya koma falo. Da safe ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, ita kuma ta amsa tana kallon bango. Ba ta cin abinci sai ya fita, shi kuma ya koma tafiya aiki da wuri yana karyawa a can. Na yi musu magana kowa shi kaɗai, kowa ya ce in bar shi haka, ya fi masa daɗi. Sai na bar su.

Inda muka fara samun saɓani shi ne wanka. A gida, ganga ake ɗorawa a murhu, ruwa ya tafasa, a tsoma ganyen darbejiya a riƙa fyaɗa wa mai jego har jikinta ya gasu. Na nuna wa Inna famfon banɗakinmu, na murɗa mata shi har tururi ya tashi. Ta sa hannu ta girgiza kai.

"Ruwan da bai hau wuta ba ba ya gasa jiki."

Saboda haka kullum da hantsi, idan gari ya ɗan yi haske, domin a wannan lokacin rana ba ta daɗewa a sama, sai ta ɗora babbar tukunyarmu a murhun lantarki, ta juye a bokiti, ta tsoma tawul a madadin ganye. Na yarda da wankan, amma na ce sai an surka. Kunun kanwa ma na ce zan sha, amma kanwar kaɗan za a sa, domin a wurin aikina na koyi abin da gishiri da kanwa ke yi wa zuciya. Inna ta ce ita ta sha na haihuwa bakwai ga ta nan daram. Na ce Allah ya ƙara mata lafiya, amma ni kaɗan zan sha. Sai ta rage kanwar. Wannan ne karo na farko a rayuwata da na ja da maganarta kuma ta bari, ina jin don ta ga gidan nawa ne.

Ranar da ta kunna turaren wuta ne muka san maƙwabciyarmu. Ina ɗaki ina shayarwa, Inna ta ɗora gawayi a kan murhu ya kama, ta zuba a kasko ta barbaɗa turare. Akwai wata 'yar na'ura a jikin rufin falo da ke ƙara idan ta ji hayaƙi, ni kuma na manta ban faɗa mata ba. Sai kawai gidan ya ɗauki ƙara mai tsaga kunne. Yaro ya tsala kuka, Inna ta tsaya da kasko a hannu tana salati, ni ina tsalle da tsintsiya ina son in taɓo na'urar. Cikin haka aka buga ƙofa.

Wata tsohuwa ce da ke zaune a ƙofar da ke kallon tamu, doguwa, mai farin gashi. Tun zuwanmu gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga kai a matakala ba, domin mutanen nan ba su da yawan magana. Ta shigo da tulun kashe gobara a hannu, ta duba ta ga babu wuta, ta ja kujera ta hau ta danna na'urar, ta buɗe taga. Na ba ta haƙuri da ɗan yarensu da na iya. Idonta na kan bokiti da tawul da tukunyar da ke tururi.

"Me ake yi da wannan?" ta tambaya.

Na yi mata bayanin wankan jego, ina tsammanin za ta ce abin ƙauye ne. Sai ta ce, "A ƙauyenmu, a ɗakin zufa uwata ta haife ni. A nan kuma ta yi jinya."

Ɗakin zufar nan shi suke kira sauna. Ɗaki ne na katako mai benci hawa-hawa, da murhu cike da duwatsu, a watsa musu ruwa tururi ya tashi. Akwai shi a ƙasan ginin da muke, kowane gida da lokacinsa a mako, amma ba mu taɓa shiga ba saboda mun ji tsirara suke yi. Na fassara wa Inna abin da tsohuwar ta ce. Inna ta ajiye kaskon, ta gyara ɗankwali ta ce, "Ce mata ta zauna. Ashe akwai masu hankali a garin nan." Ta zuba mata kunu a kofi. Tsohuwar ta kurɓa, ta ɓata fuska, ta shanye.

Sai da ungozomar asibiti ta duba ni ta ce jikina ya yi ƙwarin da zan iya shiga, da sharaɗin kada zafin ya yi yawa kuma kada in daɗe, sannan muka sauka. Maigidana ya zauna da yaron. Inna ta ce ba za ta shiga da kowa tsirara ba, ta ɗauko zani uku, ta ba tsohuwar ɗaya ta nuna mata ɗaurin ƙirji. Tsohuwar ta ɗaura ba musu, sai dai ya riƙa zamewa, Inna tana gyara mata. Da muka zauna, sai tsohuwar ta fito da wani dami na ganye da ta ajiye a firiza tun bazara, na wata bishiya mai farin ɓawo da ta cika dajin ƙasar. Ta jiƙa shi a ruwan zafi, ta fyaɗa a kafaɗarta ta nuna mana. Inna ta karɓa ta sunsuna, ta dube ni.

"Kin gani ko? Su ma da ganye suke yi. Juyo mini bayanki."

Ta shiga fyaɗa mini kamar yadda ta saba. Tsohuwar ta riƙe mata hannu tana nuna a hankali, Inna ta ture hannun tana nuna a hankali ba ya shiga jiki. Haka suka yi ta gardama a kan bayana, ɗaya da Hausa, ɗaya da yarenta, babu wadda ta nemi in fassara. Da na fito na ji jikina sakayau, irin yadda ban ji ba tun kafin ciki. Daga ranar tsohuwar ta haɗa mana lokacinta da namu, muka riƙa sauka sau biyu a mako. Inna ta daina ɗora tukunya a waɗannan ranakun, ta ce wutar duwatsu ma wuta ce.

Abin da ya fi wuya shi ne barcin yaron. Ba ya barcin rana. Da an kwantar da shi sai kuka, mu yi ta karɓa-karɓa har hannu ya gaji. Ungozoma ta ce in naɗe shi da kyau in sa shi a kekensa a baranda ya yi barci a iska, haka kowa ke yi idan sanyin bai tsananta ba. Maƙwabciyar ma ta faɗa, har ta kawo mana fatar tunkiya mai gashi wadda ta ce 'ya'yanta duka a kanta suka kwanta. Ni na san gaskiya ne, domin na sha ganin kekunan jarirai jere a waje. Da na faɗa wa Inna, sai ta ɗauke yaron daga cinyata.

"Ɗan mutum ne ko nama, da za a ajiye shi a cikin ƙanƙara?"

"Inna, haka suke yi, kuma ga 'ya'yansu nan lafiya."

"'Ya'yansu ne. Wannan jinin Keffi ne."

Ban matsa ba. Na bari sai wata rana da iska ta kwanta, na ce ta raka ni kanti. Na bi da ita ta gaban wani gidan shan shayi inda iyaye mata kan zauna a ciki su bar kekuna a bakin taga. Ta tsaya ta leƙa keke ɗaya, ta ga jariri yana barci, kumatunsa jawur, tururin numfashinsa na fita. Uwar ta fito, na yi mata bayani, ta yi murmushi ta ɗaga bargon ta ce Inna ta sa hannu a bayan wuyansa. Inna ta sa. Ta ji ɗumi, ta daɗe ba ta cire ba.

Washegari da azahar yaron ya fara kukansa. Inna ta ce, "Kawo fatar nan." Ta shimfiɗa ta a keken da kanta, ta sa masa kaya a kan kaya, ta tofa masa addu'a. Sannan ta ce sharaɗinta ɗaya ne, ba za a bar shi shi kaɗai ba, ita za ta zauna. Rigunan sanyinta ba za su iya zaman waje ba, sai na ɗauko mata babbar rigar aikin maigidana mai kai wa gwiwa. Ta tambaya ta waye ce, na ce ta gidan ce. Ta san ƙarya nake yi, ta saka. Na fitar mata da kujera, ta zauna kusa da keken da carbi a cikin safar hannu. Kafin in rufe ƙofar baranda yaron ya yi shiru. Ya yi barci har la'asar, na samu na yi wanki na dafa abinci na ma ɗan kishingiɗa. Da suka shigo na ce, "Inna, kin ga aikin iska?" Ta ce, "Aikin addu'a dai." Daga nan kullum tare suke fita, wani lokaci maƙwabciyar ta fito tata barandar da saƙa a hannu, su zauna kowa a gefenta, babu mai cewa uffan.

Inna ta koma Keffi lokacin da ƙanƙara ta fara narkewa. Tsohuwar ta saƙa mata safa mai kauri, Inna ta bar mata zanin da sauran yajin jego, wanda tsohuwar ta ce tana barbaɗawa a kan kifi. Da suka zo rabuwa a matakala, Inna ta riƙe hannunta ta yi mata doguwar addu'a ta amanar 'ya da jika. Na fara fassarawa, tsohuwar ta ce in bari, ta gane.

Da yaron ya kusa shekara hutuna ya ƙare na koma aiki, maigidana ya karɓi nasa hutun, domin a nan uba ma ana ba shi watanni ya zauna da ɗa. Na yi ta tunanin yadda zan faɗa wa Inna. Rannan ta kira ina cikin bas, ta tambayi angonta, na ce yana gida da babansa.

"Shi ba ya zuwa aiki?"

"Hutu suka ba shi don ya kula da yaron. Ni ce ke fita yanzu."



"Shi ke yi masa wanka?"

"Shi ne. Har tuwo yake tuƙawa."

"To," ta ce. "Kada dai ki faɗa wa 'yan'uwansa, ba za su gane ba. Kuma ki koya masa goyo da zani, yaron ya yi nauyin da za a riƙa saɓa shi a kafaɗa."

Da na isa gida na faɗa masa saƙon. Ya yi dariya ya ce in kawo zanin. Na ɗora masa yaron a baya, na nuna masa yadda zai sunkuya ya ja gefen sama ya soke, sannan ya ɗaure na ƙasa. Karo na farko ya kwance, na tare yaron. Karo na biyu ya zauna daidai. Ya miƙe yana taɓa ƙafafun yaron ta gefe, ya wuce kicin ya ci gaba da yanka albasa.