Ranar da Inji Ya Mutu a Hannun Bee Lian

Ooi Bee Lian ba ta iya jira ba. A layin sayen nasi kandar, wato shinkafa da miya iri-iri, kafin a zo kanta ta gama faɗa wa mai zubawa miyar da take so, har ta zaɓa wa na gabanta tasa. Mijinta ya ce ko ranar aurensu ita ta riga kowa shiga mota. Ni da teburina ke manne da nata a ɗakin gwajinmu da ke garin Bayan Lepas, na sha gajen haƙurinta har na saba, kuma ina sonta a haka.

Abin dariya, aikinta na masu haƙuri ne. Manyan kwamfutocin da kamfaninmu ke ƙerawa ba a kashe su, don asibitoci da bankuna ke aiki da su. Idan wani yanki na ƙwaƙwalwar inji ya lalace, sai a cire shi inji na ci gaba da aiki. Kafin a cire, dole kanel, wato uwar manhajar da ke riƙe da komai, ya kwashe abin da ke yankin ya mayar wani wuri, kamar a kwashe kayan ɗaki masu gida na zaune suna cin abinci. Bee Lian ce ke gwada wannan. Ta cire, ta mayar, tana neman inda inji zai faɗi.

Wata Litinin ya faɗi a hannunta. Kafin ta ɗauki hoton allon, ya tashi da kansa, bai bar wata shaida ba. Ta garzaya wajen Thevan, wanda ya rubuta wannan ɓangare na kanel. Washegari ya dawo mata da amsa, yana kiranta Kak, wato yaya, kamar yadda ya saba.

"Kak, na sa shi a gwaji mai tafiyar da kansa, ya kwana yana cirewa yana mayarwa. Ko tari bai yi ba. Anya ba wayar wuta kika taka ba?"

"Ni ce mai taka waya? Da idona na gani!"

"Idon da kike neman tabarau da shi alhali yana kanki?"

Ranar Juma'a za a tura manhajar ga masu saye, kuma manaja ya ce in ba shaida, tafiya za ta yi. Bee Lian ta natsu, abin da ban taɓa gani ba. Ta ba inji umarni, ta naɗe hannu ta jira ya gama, ta sake. Ya ƙi faɗuwa. Har abincin rana ta daina fita, kuma wannan ya tayar mini da hankali ƙwarai.

Ranar Alhamis Thevan ya zo da shayin madara da ake kira teh tarik kofi biyu, ya ja kujera kusa da ita. "Yi ina kallo, Kak."

Ta ba da umarnin cirewa. Inji ya fara kwashe kaya, yana jan ƙafa. Ta jira, ta jira, sai haƙurin aro ya ƙare. Ta ja tsaki, ta soke umarnin, ta sake bugawa nan take. Allo ya cika da rubutu, ya daskare.

"Me kika yi yanzu?"

"Ya cika nawa, na soke na sake."

"Yana tsakiyar kwashewa kika soke?"

"To zama zan yi ina kallonsa kamar gunki?"

Ashe gwajin Thevan ladabi gare shi, kullum sai ya jira inji ya gama. Ita ma duk makon ladabin take kwaikwayo. Ranar Litinin ce kawai ta yi halinta.

Thevan ya yi tsalle har shayi ya zube masa a wando. "Ya mutu! Jama'a, ya mutu!" Muka tashi da shewa da tafi. Mutanen sashen kuɗi suka leƙo, suka ga ana rawa a gaban mataccen inji, suka koma suna girgiza kai. Manaja ya kalli allon, ya ɗaga ranar turawa, bai yi musu ba.

Da hayaniya ta lafa, Thevan ya ce, "Kak, a wani asibiti akwai ma'aikaci mai gajen haƙuri irin naki. Da a hannunsa zai faɗi."

Idonta ya kawo ruwa, tana murmushi. Ni ma daɗi ya cika ni.

Mako na gaba ya gama gyaran. A ƙa'idarmu sunan mai gyara ake rubutawa a sama. Thevan ya sa nasa, a ƙarƙashi ya ƙara layi ɗaya: Ooi Bee Lian ce ta gano.