Mayafin Agadas

Duk Bahaushen da ya zauna unguwar Danau Kota ta Kuala Lumpur a shekarun nan, in dai yana son miyar gida, ya san Yahuza mai kago. Ɗan Fagge ne, dogo, marar yawan magana. Karatun kwamfuta ya kawo shi wata makaranta a Bukit Jalil. Karatun ya ƙi shi, shi ma ya ƙi karatun, suka rabu ba wanda ya riƙe wani a zuci. Sai ya koma aika wa mutane kaya gida, yana kuma shigo da abin da ɗalibai ke marmari: kuka, busasshiyar kuɓewa, garin kwaki, busasshen kifi, daddawa. Ƙaramin ɗakin gidansa ya mayar sito. Kuma da hanci yake sana'ar, ba da ido ba. Kafin ya yanka kwali zai sunkuya ya shaƙa, ya ce wannan kifin ya sha ruwa a hanya.

Farkon shekarar 2020 ya je Kano ya auri Bashira, malamar Faransanci a wata sakandare. Tun suna zance take tsokanarsa cewa ita fa yawon amarcinta sai Paris. Shi kuwa ya san fasfonsa, ya san wulaƙancin layin biza. Ya ce mata in dai tsofaffin garuruwan da ake Faransanci take so, ai ga su nan bayan Daura. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ta ji, a je.

'Yan kwanaki suka yi, amma har yau in ka zauna da Yahuza sai ka ɗauka shekara ce. A Damagaram suka ɓace cikin lungunan tsohuwar unguwar Birni, suna kallon gidajen ƙasa masu zane a goshi da manyan duwatsun nan da suka yi zaune tsakiyar gari. Da safe ta ja shi teburin mai shayi, ta tambayi dogon burodi cikin Faransancinta na makaranta, mutumin ya amsa mata da Hausa zalla. Yahuza bai bar ta ta huta da wannan ba. Suka ci kilishi har muƙamuƙi ya gaji. A Agadas ta ɗanɗana cuku ta yamutsa fuska, aka dama mata shi cikin fura da dabino, ta shanye ƙwaryar ta nemi ƙari. A kasuwar garin ta sayi 'yar kwalbar turaren wuta wajen wata tsohuwa. Da la'asar suka hau saman soron masaukinsu suna kallon hasumiyar masallaci, iska na kaɗa shuɗin mayafinta. Ta jingina da kafaɗarsa, ta ɗan ja hanci, ta ce, "Kai dai ko Paris aka kai ka, sai an ji daddawa a jikinka."

Ba su daɗe da sauka Kuala Lumpur ba aka sa dokar kulle saboda annoba. Amaryar da aka yi wa alkawarin yawon kantunan Bukit Bintang da jirgin ƙasa mai tafiya a sama, sai ta tsinci kanta tana kallon birnin ta taga. Ba ta zauna haka nan ba. Ta shiga yi wa ɗaliban da aka kulle a ɗakuna tuwo da miyar kuka, ana yi musu tapau, wato a ƙunshe a roba, Yahuza yana rataye wa kowa a ƙofarsa. Turaren Agadas kuwa ranar Juma'a kawai take taɓa shi, ɗan ƙyas. Sai ta kifa kwando a kan kasko, ta shimfiɗa kayanta a kai su sha hayaƙin, ta ninke ta mayar akwati. A haka kwalbar ta kai su wata ƙaramar Salla, ta ƙare.

Tsakiyar shekara ta biyu cutar ta shigo musu gida. Shi hancinsa ta ɗauke, ita numfashinta. Motar asibiti ta tafi da ita yana kwance da zazzaɓi, kuma bai sake ganin fuskarta ba. Ba a bai wa matan unguwa gawar su wanke ba. Wasu mutane cikin fararen kaya, fuska a rufe, su suka sa ta a kabari. Wallahi ban san abin da ya fi wannan ciwo ba, a binne maka mata ba wani naka da ya taɓa ta.

Ya warke, ya dawo gida, hancin bai dawo ba. Likita ya ce a yi haƙuri, wani yakan yi makonni, wani watanni. Ma'aikatan lafiya sun riga sun feshe gidan da magani. Abin da ya tsira shi ne akwatin Bashira, da yake a rufe yake.

Nan abin tsoron ya fara. Duk sa'ad da ya ɗaga murfin akwatin ya kifa fuska, ba ya jin komai, kamar ya sa hanci a ruwa. Amma in wani ya shigo karɓar kaya jim kaɗan bayan nan, sai ya ga mutumin ya tsaya a bakin ƙofa yana waige-waige. Wata ɗaliba ta ajiye ledar garinta ta fashe da kuka, ta ce kamar yanzu Anti Bashira ta wuce ta nan. Yahuza yana tsaye tsakiyar falonsa. Matarsa tana gidan, kowa yana jin ta, ban da shi. Da ya gane kowace buɗewa tana rage ƙanshin, sai ya naɗe akwatin da ledar kago ya daina taɓawa. Abu ɗaya yake roƙo a sujada: hancin ya dawo kafin ƙanshin ya tafi.

Ba abin da bai gwada ba. Citta, kanumfari, man zafi. Mutumin da a da yake tsallaka titi in ya hango mai durian, ɗan itacen nan mai ƙarfin wari, sai ga shi tsugune gaban teburin, ya sa an fasa masa ɗaya yana shaƙa. Mai sayarwar ya gaji da jira ya ce, "Makan lah, bos," wato ka ci mana, maigida. Ya biya, ya bar shi nan.

Sai surukarsa ta kira daga Kano. Cikin sanyin murya ta ce a haɗo kayan yarinyar, a yi rabo, a fitar da na sadaka. Yahuza, wanda aika kaya ne abincinsa, ya ce jiragen ruwa ba sa tashi. Ta ce to. Wata ya wuce ta sake kira, ya sake cewa jirage.

Maganar ta kai kunnen Hajiya Indo, dattijuwar da ke sayar da atamfa a hawan ƙasa da nasu, wadda duk matan unguwar ke kira uwa. Ita ta koya wa Bashira sayen kayan miya a ƙasar. Ta hau bene da takunkuminta, ta zauna ba a ce ta zauna ba.

"Yahuza, kayan mamaci ba a zama da su. Akwai haƙƙin mahaifiyarta a ciki."

"Na sani, Hajiya."

"Kuma ba a raba su da datti. A gida wanke su ake yi, ka sani." Ta gyara takunkumin. "Yarinyar nan ni ya kamata in yi mata wanka. Ba su ba ni ita ba. Tun ranar hannuna ke min nauyi. Ka bar ni in wanke kayanta, ko na samu in yi barci."

To, me zai ce? Ya dubi sa'ar mahaifiyarsa ya ce mata ƙanshin matarsa yake jira ya shaƙa? Ko da wuƙa a wuya Yahuza ba zai iya furta wannan ba. Ya ce ta ba shi minti kaɗan ya kwance ledar. Ya shiga ɗaki, ya zaro shuɗin mayafin, ya cusa shi a baƙar leda ya ƙulle. Ya ji takunta tana tahowa. Ya faɗa sito, inda ya san ba za ta leƙa ba, ya jefa ledar cikin wani kwalin sabulu da ya gani ba komai ciki, ya manne bakinsa da salatif.

Washegari kayan Bashira suka cika igiyar barandar Hajiya Indo, iska na ɗaga hannayen rigunan. Yahuza ya hango su daga titi ya sauya hanya. Da suka bushe shi da kansa ya ɗaure su, ya rubuta sunan surukarsa a jiki, ya aika.

Kwalin kuwa ya yi alkawari ba zai buɗe ba sai hancin ya dawo. Kullum in ya shiga sito ɗaukar kaya sai ya ɗora tafin hannu a kansa kafin ya fita. Watanni suka shuɗe a haka. Aka sassauta doka, masallatai suka cika, ɗalibai suka koma aji.

Wata safiya yana wucewa gaban shagon abincin mamak na ƙasan gidansu, sai ya ji wani abu ya daki goshinsa. Ƙanshin man da ake soya wainar roti ne. Ya tsaya cak. Ya ji hayaƙin babur, ya ji kwata, ya ji jiƙaƙƙiyar kwalta bayan ruwan asuba. Bai jira lif ba, da ƙafa ya hau. Ya wanke hannu, ya yi bismilla, ya yanka salatif ɗin.

Tun kafin ya kai ga ledar ya gane. Sunan sabulu ne a jikin kwalin, amma daddawa aka aiko masa a ciki daga Kano, har ga ɓurɓushinta maƙale a kusurwa. Da yana da hanci a ranar, daga bakin ƙofa zai sani. Duk da haka ya kwance ledar, ya warware mayafin, ya bi shi ninki-ninki, gefe da tsakiya, yana nema. Ba Agadas, ba tsohuwar kasuwa, ba Juma'a ko ɗaya. Daddawa ce ta shige kowane zare.

Ya zauna a ƙasan siton, mayafin a fuskarsa. Ya ce a nan ne ya ji ta, ba da hanci ba, daidai kafaɗarsa ta hagu, da 'yar dariyar nan tata: ko Paris aka kai ka. Ya yi kukan da bai samu yi ba ranar da aka binne ta.

Har yau Yahuza yana Danau Kota, yana aika kaya, hancinsa ras. Mayafin yana cikin durowarsa, bai wanke ba. Hajiya Indo ta taɓa ganinsa ta ce ya kawo ta jiƙa masa, warin zai fita. Ya ce a'a, Hajiya, a bar shi haka.